Akuyar Kirsimeti da Bencin Baya

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin ladabi da girmamawa, daga 'yarki ta fari, Rahila. Bisa al'ada nan ne ya kamata in ce ina fatan kina lafiya, to amma inda kike yanzu babu ciwon gwiwa, babu hawan jini, don haka na tsallake wannan. Mu nan Suleja muna nan ƙalau. Jikokinki suna gaishe ki, har da waɗanda ba sa kiran mutum a waya sai buƙata ta taso.

Ga Kirsimeti ya matso, na farko da za mu yi babu ke. Na sayi akuya, tana ɗaure a gindin mangwaron da kika shuka, tana cin ɓawon doya. Tun da aka kawo ta nake tuna wata akuyar, ta wata shekara can baya, wadda ta kusa raba ki da abin da kika fi so a duniya. Yaran yanzu sun san ki tsohuwa mai alewa a bakin zane, mai zama can ƙarshen coci kusa da ƙofa. Ba su san abin da ya kai ki wurin ba. Shi ya sa nake rubuta miki a fili, kowa ya karanta.

Kin zo garin nan amarya daga ƙauyenku na bayan Lambata, tun garin yana amsa sunan Abuja, kafin a ɗauke sunan a kai wa sabon birni. Hausarki a lokacin ba ta wuce sannu da na gode ba. Baba kafinta ne, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidanku da na Malam Garba mahauci. Ranar da naƙudata ta kama ki, Baba yana Sabon Wuse yana rufin kwano. Inna Delu, matar Malam Garba, ita ta ji nishinki ta bayan katanga ta shigo. Ita ta karɓe ni, ita ta yanke mini cibi, ita ta yi ta dafa miki ruwan wankan jego tana dama miki kunun kanwa har kika miƙe. Kin sha faɗa mana cewa Hausarki a bakin tukunyar wankan nan kika koye ta.

Da Kirsimetin shekarar ya zo, Baba ya yanka akuya da hannunsa. Kika cika kwano da shinkafa da nama, kika ɗora a kafaɗa irin yadda matanmu na Gbagyi suke ɗaukar kaya, kika kai mata. Ta karɓa hannu biyu, ta yi ta sa albarka. Jim kaɗan kika hango an fita da kwanon an kai wa wasu baƙi 'yan haya, yaranta suna bin sa da ido. Da kika tambaya, ba ta yi miki kwana-kwana ba. Ta ce, "Saratu, kada ranki ya ɓaci. Malam ba ya cin abin da ba yankan Musulmi ba, mu ma a haka muka tashi."

Kin ce mana ba haushi kika ji ba, kunya ce ta rufe ki. Matar da ta ba ki abinci a baki, kin kai mata abin da ba za ta iya kai wa bakinta ba.

Tun daga nan, duk jajiberin Kirsimeti kikan ja akuyarki zuwa ƙofar Malam Garba. Ya fuskantar da ita gabas, ya yi bisimilla, ya yanka, ya feɗe. Ki kawo naman gida, ki tara mu, ki yi addu'arki a kai cikin sunan Yesu, sannan ki ɗora tukunya. Kwanon farko na gidan Inna Delu ne. In babbar Sallah ta zo, cinyar ragonsu tamu ce. A haka muka girma, ba mu taɓa zaton abin magana ne ba.

Amma abin da kika fi so a duniya, Mama, ba Kirsimeti ba ne. Jibin Ubangiji ne, rabon burodi da abin sha don tunawa da mutuwar Yesu. Ke ce mai shirya shi a cocinmu, Lahadin farko ta kowane wata. Tun ranar Asabar kike dafa zoɓo, don shi ake zubawa a kofuna a lokacin, ki tace shi da farin ƙyalle har sai kin ga fuskarki a ciki. Ki wanke ƙananan kofunan nan ɗaya bayan ɗaya da soso da toka. Ki goge farin mayafin tebur da dutsen guga na gawayi, kina hure tokar kada ta ɗiga. Burodin kuwa sai kin je da ƙafarki wurin Mama Ngozi, wadda ta dawo bayan yaƙin basasa ta sake kunna tandarta, kin zaɓo wanda bai ƙone ba. Ranar nan ko giftawa muka yi kusa da kofunan sai mun sha harara. Kuma ba kya yarda ki kusanci teburin da gaba a ranki. Sai kin bi gida-gida kina ba mutane haƙuri, har wanda shi ya taka ki.

Ina budurwa, wajen tsakiyar shekarun saba'in, aka kawo mana sabon fasto. Fasto Iliya, matashi, siriri, daga wani ƙauye mai nisa a kan dutse. In yana wa'azi har jijiyar wuyansa tashi take yi. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai tsoron Allah. Shi kansa ya sha duka a gidan ubansa saboda ya ƙi cin naman tsafi, akwai tabon a bayansa. Don haka da labarin akuyarki ya kai kunnensa, bai ɗauke shi da wasa ba. Ya ce dabbar da za a yi murnar haihuwar Almasihu da ita, ba daidai ba ne Kirista ya ja ta da hannunsa ya kai a yanka da kalmar wani addini.

Dattawan ikilisiya suka kira ki gindin ɗorawar bayan coci. Magana ɗaya suka ba ki. Ko ki bari, ko a sa ki horo. Horo kuwa kowa ya san shi. A kira sunan mutum a gaban jama'a, ya koma bencin baya, a hana shi Jibin Ubangiji sai ranar da ya tashi ya ce ya tuba.

Kika durƙusa gaban Fasto, duk da kin kusa haifar sa, kika ce, "Baba Fasto, na ji. Ni ban yi karatu ba, ba zan yi musu da kai ba. Amma matar nan ta sha wahalata. Ba zan soya nama ƙanshi ya tsallaka katanga 'ya'yanta suna haɗiyar yawu ba. In horo ne a yi mini, zan ɗauka."

Da kika dawo kika faɗa mana, ni kam wuta na kama. Kin san bakina. Na ce duk naman da ake sayarwa a kasuwar garin nan wa yake yanka shi, in ba su Malam Garba ba? Dattawan nan ba shi suke ci kullum suna lashe yatsa ba? Na ce ki koma ki gaya musu haka. Kika dube ni kika ce, "Ba cin gardama na je yi ba, Rahila. Jeki ki ba akuyar ruwa."

Matan ƙungiyar zumunta ta coci ma sun zo da tasu dabarar. Wata ta ce ki bi da ita ta bayan gida, wa zai gani. Wata ta ce ki sayar da ita ki sayo nama a kasuwa, an huta. Kika ce abin da za ki ɓoye wa Fasto ba za ki iya ɓoye wa Allah ba. Naman kasuwa kuma, kika ce, "Mutumin nan zai wasa wuƙa ya zauna a ƙofar gida yana jira na kamar kowace shekara. Me zan ce masa? In ce bana hannunsa ya yi datti?"

Magana ba ta ɓuya a unguwarmu. Inna Delu ta ji, ta yafa mayafi ta shigo, ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Saratu, don girman Allah ki bari. Shinkafa da miya ma ta ishe mu. Kada a kore ki daga wurin ibadarki saboda cikinmu." Kika yi dariya kika ce, "Ba don cikinku ba ne, Yaya Delu, don nawa ne. Ba ya karɓar abin da ku ba ku ci ba."

Ranar jajibere, sai da rana ta fito sosai, mutane suka cika hanya, sannan kika kwance igiya. Ta ƙofar gaba kika fita. Akuyar tana turjewa kina ja, kina gaisawa da kowa, har da matar wani dattijon coci da ta tsaya tana kallo baki buɗe. Malam Garba yana zaune a dakali. Ya dube ki ya ce, "Saratu, kin tabbata?" Igiyar kawai kika miƙa masa.

Lahadin da ta biyo baya aka kira sunanki. Kika miƙe daga layin gaba, inda kike zama a matsayin uwar zumunta, kika gyara ɗaurin zane, kika taka har ƙarshe ba sauri ba sanɗa. Mutum biyu kika tarar a bencin. Talatu, yarinyar da ta yi ciki ba aure, da Baba Audu, wanda burukutu ya hana shi zama a gaba. Kika ce musu su matsa miki, kamar wadda ta shiga motar kasuwa.

Baba bai ce uffan ba, ba a gida ba, ba a coci ba. Ni har na fara jin haushinsa. Washegari da safe sai ga shi ya saɓa jakar kayan aiki ya nufi coci. Duk bencunan ai shi ya yi su. Na bayan nan ƙafarsa ɗaya gajeruwa ce, ga tsaga mai kama zane. Ya daidaita ƙafar, ya kankare katakon ya yi sumul, ya kafa masa abin jingina. Aka wayi gari bencin masu laifi ya fi na dattawa daɗin zama. Babu wanda ya iya ce masa don me.

Asabar ɗin farko ta sabon wata na ce a raina, to, yau dai mun huta da guga. Ina fitowa na tarar zoɓo yana tafasa. Na ce, Mama, mutanen da suka hana ki, su za ki yi wa bauta? Kika ce, "Sha aka hana ni. An hana ni wanki ne?"

Wannan ne abin da na kasa ganewa a lokacin. Ke kika dafa, ke kika tace, ke kika jera kofunan a tire, kika ɗauka a kafaɗa har coci. Sannan kika koma baya kika zauna kina kallo ana rabawa layi-layi, tiren ya zo daf da ke ya juya. Ina wurin 'yan mawaƙa ina hango ki. Hawaye yana bin fuskarki, ba kya sharewa, leɓɓanki suna motsi. Ba kukan wadda aka zalunta ba ne. Kukan yunwa ne.

In an tashi, ke kike tattara kofunan. Kusan kowanne akwai ɗan sauran zoɓo a gindinsa. Na sha laɓewa in ga ko za ki ɗan lasa, tunda daga ke sai ni a bayan coci. Ko sau ɗaya. Kikan haɗa ragowar a kofi guda, ki tsiyaye a gindin ɗorawa, ki ɗauraye hannunki.

Haka aka ci rani. Dattawa suka yi ta aiko miki cewa abin ba wuya, ki tashi kawai ki ce kin tuba, ba za ki sake ba. Kika ce ba za ki yi alkawari a gaban Allah ba alhali ga 'yar akuyar baɗi can kin riga kin ɗaure. Ba ki zagi kowa ba. Ba ki daina gaishe da Fasto har ƙasa ba. In mun fara cin namansa a gida, ke kike kashe zancen. Kina cewa yaron yana tsare abin da aka ba shi tsaro ne, mu bar shi da Ubangijinsa.

Bencin baya kuwa ya zama wani abu dabam. Kika koya wa Talatu ɗaga kai in ana waƙa. Kikan bi ta gidan Baba Audu da safiyar Lahadi ki taso shi tun bai fara ba. Wani lokaci muryarku ku uku tana danne tamu ta 'yan mawaƙa, mai koyar da mu yana ta waiwaye.

Da ruwan farko ya sauka, Na'omi matar Fasto ta haihu. Haihuwar fari, danginta suna can nesa, ga zazzaɓi, ga nono ya ƙi zuwa. Jaririn yana ta tsala kuka, Fasto yana zagaye tsakar gida ya rasa inda zai sa kansa. Matan coci suna zuwa barka suna komawa. Ke da kika ji, ba ki je ke kaɗai ba. Kika leƙa ta katanga kika kira Inna Delu, kika ce ita ce ta san aikin, ke 'yar hura wuta ce. Ke da itace a kafaɗa, ita da babbar tukunya a ka, kuka yi sallama a gidan Fasto da hantsi. Ya dubi matar da ke cikin mayafi, ya dube ki. Ya matsa gefe ya ba ku hanya.

Kullum kuna can, safe da yamma. Wanka, gashi, kunun kanwa, da romon ƙafar saniya daga wurin Malam Garba. Nono ya zo, yaro ya yi shiru, Na'omi ta fara dariya. Duk tsawon kwanakin nan babu wadda ta ɗaga zancen benci a cikinku. Na tambaye ki ko kin ɗan yi masa gugar zana, don ni da na yi. Kika ce wanka kika je yi.

Ban san abin da ya gudana a zuciyar Fasto Iliya ba, kuma ba zan ƙaga masa ba. Har ya bar garin nan bai taɓa kai dabbarsa ƙofar Malam Garba ba, bai kuma taɓa cewa a mumbari ya yi kuskure ba. Abin da na gani da idona kawai zan faɗa.

Wata Lahadin Jibi ce cikin damina, ruwa yana dukan kwano. Bisa tsari, Fasto yakan yi addu'a ya miƙa wa dattawa tire su raba. Ran nan bai miƙa ba. Ya riƙe da kansa, ya sauko, ya wuce layin dattawa, ya wuce na matan zumunta, ya wuce kowa. Kawuna suna juyawa suna bin sa. Ya je har bakin ƙofa ya tsaya a gabanki. Ya ce, "Mama, karɓi."

Na ga hannunki ya taso, hannun nan da ya yi wata da watanni yana jira. Sai ya tsaya a hanya. Kika dubi Talatu da jaririyarta a cinya, kika dubi Baba Audu, kika ce, "Baba Fasto, mu uku ne a nan."

Mama, wane irin mutum ne ke? Abin da kika yi ta kuka a kansa ya zo har gabanki, kuma kika yi kasadar sake rasa shi saboda mutum biyu da kowa ya riga ya cire rai da su. Da ya juya da tiren nan fa?

Fasto ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Na gan su, Mama." Ya fara miƙa wa Baba Audu, ya miƙa wa Talatu. Ke ce ta ƙarshe. Kika riƙe ɗan kofin nan hannu biyu kamar mai ɗaukar ƙwai, kika sha, kika rufe ido. An yi gunaguni a taron dattawa daga baya, an ce an karya tsari. Wannan kuma tsakaninsu ne.

Aka ce ki koma kujerarki ta gaba. Kika ce kin gode, nan ya fi iska. Ƙarya kike yi, Mama, wurin rana yake da rani, feshin ruwa da damina. Daga baya kika gaya mini gaskiya. Kika ce ranar da kika taka zuwa baya, abin da ya fi yi miki ciwo shi ne ganin yadda Talatu ta sunkuyar da kai, wata da watanni babu macen da ke zama kusa da ita. Kika ce duk wanda za a sake turowa nan, to ya tarar da mutum.

Kuma haka aka yi, har kika haura tasa'in. Fastoci sun zo sun tafi. An rushe cocin laka an gina na bulo, an sake rushewa an gina mai bene. Garin ya cika ya batse da masu sammakon zuwa aiki Abuja. Kin binne Baba, kin binne ƙannena biyu, kin yi zaman makokin Malam Garba, kin yi na Inna Delu, inda kika yini kina tuƙa tuwon baƙi kina kuka kamar yarinya. Idonki ya dushe amma hannunki bai manta bakin kofi ba. Ranar da aka koma kofunan roba na sha-ka-yar, kin yi mako kina mita, wai an mayar da teburin Ubangiji wurin biki. Duk wannan, wurin zamanki bai canza ba, kuma babu Kirsimetin da akuyarki ba ta je ƙofar gidan Malam Garba ba.

Ranar jana'izarki na ga mutanen da ban sani ba, maza da mata, wasu da manyan motoci, wasu da silifas. Talatu ce, da furfurarta da jikokinta, take nuna mini su ɗaya-ɗaya. Ta ce duk 'yan bencinki ne. An ba su kujeru a gaba suka ƙi.

Yanzu ga akuya a ɗaure. Akwai masu ce mini zamani ya canza, an ɗaga katangu, kowa ya tsaya a nasa. Jiya ina dawowa daga kasuwa Sani ya tare ni, jikan Malam Garba, wanda yake gyaran waya a bakin titi. Ya ce, "Anti Rahila, akuyar Mama fa? Wuƙar Kaka tana nan, na wasa ta." Kai kawai na ɗaga masa, na shige gida da sauri kada ya ga idona. Zan ja ta da kaina, Mama. Sai rana ta fito, kuma ta ƙofar gaba.

Ina kewar ki. Ina kewar hararar nan ta ranar Asabar, da ƙanshin zoɓo, da yadda kike kiran sunana in na fara surutu.

Ubangiji Allah da kika bauta wa da soso da toka ya karɓe ki hannu biyu. Ya share miki hawayen da kika ƙi sharewa. Ya zaunar da ke a teburinsa, ya ba ki kofin da ba wanda zai sake ɗauke miki. Ya ji ƙan maƙwabtan da suka riƙe ki kina baƙuwa, ya bar zumunci tsakanin jikokinsu da naki. Mu kuma ya ba mu ko kaɗan ne daga irin zuciyarki. Cikin sunan Yesu, amin.

Roƙo ɗaya nake miki. In an gama, kada ki tashi tattara kofuna, ki zauna a yi miki hidima ko sau ɗaya. Na san ba za ki ji ba. Ban sani ba ko akwai bencin baya a can. In akwai, ranar da na iso ba sai na tambayi kowa inda kike ba. Ki dai matsa mini.

Taki har abada,
'yarki mai bakin nan da kika kasa gyarawa,
Rahila
Suleja